Fom Ɗin Jam'iyyarmu a Hannun Mai Ƙosai

Yau ba maganar kujera ko ta wane ya fi wane na zo da ita ba. Maganar takarda ce, kuma ina roƙon ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin wallahi ta shafi kowa, daga shugaban jiha har wakilin akwati.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an fito daga sallar asuba, na tsaya wajen mai ƙosan bakin layinmu kamar yadda na saba. Ta zuba min, ta barbaɗa yaji, ta naɗe a takarda ta miƙo. Sai da na isa gida na warware, na ga tambarin jam'iyyarmu ya jiƙe sharkaf da mai. Fom ɗin rajistar 'yan jam'iyya ne. Ga sunan wata baiwar Allah, ga sunan mijinta, ga unguwa, ga lambar waya, ga lambar katin zaɓe, ga lambar NIN, har hotonta bai ɓanɓare ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, rubutun hannuna ne a jiki. Ni na cike mata wannan fom a zauren gidansu lokacin da muke bi gida-gida. Ban manta ba, sai da ta riƙe katin nata ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ina za ku kai waɗannan lambobin? 'Yan damfara sun yi yawa fa." Na ce mata, "Inna, kada ki damu, a ofis za a kulle." To ga inda aka kulle.

Na kasa cin ƙosan. Na koma wajen mai shi na ce, "Iya, don Allah ina kika samo takardun nan?" Ta ce, "Malam, a kasuwa nake saye, a kan sikeli. Ni ban ma san abin da ke ciki ba." Ta ɗaga kwalin da take zubawa, na ga damin fom-fom ya kai hamsin, duk na mazaɓarmu. Na biya ta kuɗinsu na kwashe.

Daga nan na bi sawu. Ashe lokacin da aka tashi daga tsohon ofis bayan rigimar da kowa ya sani, an kwashe kujeru da fanka da janareta, aka bar sito cike da buhunan takardu. Mai gida ya matsa a ba shi mukullinsa. Aka ce wa Baba mai gadi ya share. Da na same shi ya ce, "Shugaba, ai cewa aka yi in kawar da su. Masu kyau na sayar wa mai baro, waɗanda gara ta ci da manyan fastocin nan na leda na cinna musu wuta a bayan katanga." Maƙwabta sun tabbatar min kwana biyu hayaƙin yana tashi, har wata mata ta kwashe 'ya'yanta zuwa gidan iyayenta saboda ɗaya yana da asma. Ni ban ga laifin Baba ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa bambancin tsohuwar jarida da rajistar mutane. Laifin namu ne, mu da muka yi boko, muka karɓi amanar jama'a da hannunmu, muka tafi da fanka muka bar amanar.

Abin da nake so mu yarda da shi a yau guda ɗaya ne: takardar ƙungiya tana da ranar haihuwa, ya kamata ta kasance tana da ranar mutuwa, kuma a yi mata sutura yadda ba za ta cutar da mai sunan da ke jiki ba, ba za ta cutar da maƙwabci da hayaƙi ba. Mu kuwa hanya uku kawai muka sani: a jibge a sito har gara da ɓeraye su gama da ita, a sayar wa mai sikeli yadda take, ko a banka mata wuta. Duk ukun ɓarna ce.

Mu fara da cutarwar da ke kan mutane. Duk wanda ya riƙe fom irin wanda na samu, ya riƙe abin da ɗan damfara yake nema ido rufe. Zai kira Inna da cikakken sunanta, ya faɗi unguwarta, ya karanto mata lambar NIN ɗinta guda 11 ba kuskure, ya ce daga banki yake ko daga ofishin rabon tallafi, ta karanto masa lambobin da aka turo mata a waya. Yaya za a yi ta ƙi yarda da wanda ya san duk wannan? Haka ake wawushe asusun talakawa. Ban da wannan, a lokacin da siyasa ta yi zafi, takardar da ke nuna wane gida ne na wane ɓangare ba abin wasa ba ce. Mun san abin da 'yan daba ke iya yi da irin wannan jerin suna. Mun kuma san masu sayen ƙuri'a suna farautar lambobin katin zaɓe.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai, doka ma ta yi magana. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce duk wanda ya karɓi bayanan mutum, ya yi amfani da su don abin da ya karɓa kawai, ya tsare su, kuma kada ya ci gaba da riƙe su fiye da lokacin da ake buƙata. Ta lissafa ra'ayin siyasa da jam'iyyar da mutum yake ciki a sahun bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, layi ɗaya da addininsa da lafiyarsa da zanen yatsunsa. Ta tanadi tara mai nauyi, ta miliyoyin naira, ga wanda ya yi sakaci. Yanzu ku faɗa min, idan Inna tana da ɗa lauya, ya ɗauki wannan fom mai maiƙo ya shigar da ƙara, me za mu ce? Mu ce mai gadi ne?

Sai cutarwar da ke kan muhalli, wadda yawancinmu ba ma ɗaukarta a bakin komai. Za ka ji mutum ya ce, "Haba, 'yar takarda ce fa, minti goma ta cinye." To mu yi ɗan lissafi. Rim ɗaya na takardar da muke fotokwafi da ita, shafi 500, nauyinsa kusan kilo biyu da rabi ne. A ƙasar nan akwai mazaɓu 8,809 da rumfunan zaɓe 176,846. Mu ƙaddara kowace mazaɓa ta tara rim goma kacal a zagayen zaɓe ɗaya, tsakanin fom, takardar halartar taro, jerin wakilai da kwafin sakamako. Kilo 25 ke nan. Ka ninka sau 8,809, za ka samu sama da tan 220. Jam'iyya ɗaya ke nan, ba a sa fasta ba, ba a sa kalanda ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sakataren mazaɓa ya san rim goma wasa ne. Idan kowa ya ce tasa kaɗan ce ya kunna ashana, wannan tulin duk a huhun jama'a zai ƙare.

Kuma ba takarda zalla muke ƙonawa ba. A cikin buhun akwai katin da aka liƙe da leda, akwai fayil na roba, akwai hotuna, akwai kwalin tawadar injin buga takardu. Manyan fastocin da muke ratayawa a shataletale kuwa, yawancinsu da robar da ake kira PVC ake yin su. Wannan roba idan ta ci wuta tana fitar da hayaƙi mai yaji da ke ƙona ido da maƙogwaro, tana kuma fitar da wata guba da ake kira dayoksin, wadda ba ta saurin ɓacewa, tana kwanciya a ƙasa da toka, ta shiga jikin kaji da awakin da ke kiwo a wurin, daga nan ta dawo cikin tukunyarmu. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da ido ba ya gani su ne ke nutsawa can cikin huhu. A lokacin hunturu da hazo ya riga ya cika gari, sai mu ƙara wa mai asma da tsoho da jariri nauyi a ƙirji. Sannan gobe mu koma ƙofar gidan nan mu ce mun zo neman ƙuri'a don mu kawo musu asibiti.

Wanda bai ƙona ba ya zubar a bola, shi ma bai tsira ba. Iska ta kwashe ta watsa a kwata, damina ta zo, takarda da leda su haɗu da yashi su toshe magudanar ruwa, ruwa ya koma cikin gidajen mutane. Wadda ta binnu a ƙarƙashin juji kuma, tana ruɓewa ba iska, ta riƙa fitar da iskar gas da ake kira mitan, wadda ta fi hayaƙin mota ƙarfin riƙe zafi a sararin samaniya. Mu da muke kuka da zafi da ƙarancin ruwan sama da kwararowar hamada, bai kamata mu zama masu ƙara wa wutar itace ba, ko da ɗan kaɗan ne.

Ga wani abin takaicin. Farar takardar da muke ƙonawa, yawancinta daga waje ake shigo da ita, da dala. Gwamnati ta taɓa kafa manyan masana'antun takarda guda uku, a Jebba da Iwopin da Oku Iboku, amma duk sun sha durƙushewa, shi ya sa kuɗin rim yake bin farashin dala. Alhali tsohuwar takarda ba shara ba ce, kayan aiki ce. Ana jiƙa ta a markaɗa a sake yin kwali, a yi takardar tishu, a yi kiret ɗin da ake jera ƙwai. Ana iya sake sarrafa ta sau biyar zuwa bakwai kafin zarenta ya gajarce. Duk kilon da aka sake sarrafawa, ragi ne a kan itacen da za a sare da ruwa da wutar da za a kashe wajen yin sabuwa. Ashe kuɗi muke cinna wa wuta, mu kuma shaƙi hayaƙinsa.

To mene ne mafita? Ba sai an yi kwamitin ƙasa ba. Ga abin da nake ganin kowace mazaɓa da ƙaramar hukuma za ta iya.

Na farko, a ware kafin a taɓa komai. Akwai takardun da ba a isa a lalata ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kowace jam'iyya ta riƙe rajistar 'ya'yanta a rubuce da kuma a kwamfuta, ta miƙa wa INEC kafin zaɓen fid da gwani ko na shugabanni. Don haka rajistar da ake aiki da ita wurinta akwatin ƙarfe mai mukulli. Haka takardun kuɗi, tunda tsarin mulki ya ɗora wa jam'iyyu bayar da bayanin kuɗinsu ga hukumar zaɓe. Haka kwafin sakamakon da wakilanmu suka karɓo daga akwatuna. Tsarin mulki ya ba da kwana 21 a shigar da ƙarar zaɓe, kwana 180 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci, kwana 60 a kan ɗaukaka ƙara. Muddin akwai shari'a a gaba, ko ana jin ƙishin-ƙishin za a yi, ko ƙyallen takarda kada a taɓa sai lauyan jam'iyya ya ce an gama.

Na biyu, a fitar da na tarihi. Littafin rubuta bayanan taro, wasiƙun shugabanni, hotunan gangami, kundin manufofi, waɗannan dukiyar 'yan baya ce. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Abin da ya sa har yau ɗalibi zai iya zuwa Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya karanta yadda magabata suka yi gwagwarmaya, shi ne wasu sun adana takarda ba su ba mai ƙosai ba. Mu me za mu bar wa jikokinmu? Hoton fasta a Facebook?

Na uku, sauran da suka gama aiki kuma suna ɗauke da bayanan mutane, wato tsofaffin fom, kwafin katin zaɓe, jerin sunayen rabon kaya, takardun halartar taro masu lambar waya, a daddatsa su kafin su bar ofis. Akwai ƙaramin injin yayyanka takarda, kuɗinsa bai kai abin da muke kashewa a hayar kujeru da lasifika na taro ɗaya ba. A nemi mai yanka tsaye da kwance, wanda ke mayar da ita kamar dussa, don mai yanka dogo-dogo ana iya harhaɗawa a karanta. Inda babu wuta ko babu inji, a samu duro, a yayyaga a zuba, a cika da ruwa, a bar shi ya kwana biyu, a dama da muciya har ya koma kamar kunu, a tsame a shanya. Babu ɗan damfarar da zai karanta kunu. Bayan nan sai a kira masu sayen tsohuwar takarda a auna musu. Ba a toshe wa 'yan jari-bola hanyar abinci ba, an dai ba su kaya babu sirrin kowa a ciki. Kuɗin da aka samu, ko kaɗan ne, a saya wa ofis sabon rim, ko a ba mai gadi.

Na huɗu, fastocin leda kada su ga wuta. A ba masu shago su yi rumfa, a rufe kaya da su daga ruwan sama, a shimfiɗa a wurin taro. Katin da aka liƙe da leda a sa almakashi a datse ta kan lamba da hoto, a ware shi daban, kada a haɗa da takardar da za a markaɗa.

Na biyar, kada mu manta rajistar yanzu rabinta a waya take. Mu nawa ne a nan muke da hotunan katin zaɓen mutane ɗari-ɗari a wayoyinmu, waɗanda aka turo a zauren WhatsApp tun lokacin kamfe? Gobe ka sayar da wayar a kasuwa, ka sayar har da jama'ar mazaɓarka. A goge, a kuma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani kafin a rabu da ita. Idan an kai aiki shagon kwamfuta, a tsaya a ga an goge daga injinsu. Tsohuwar kwamfutar ofis kuwa, danna gogewa kawai ba ya kawar da abin da ke ciki, mai ilimin abin zai iya dawo da shi. A cire ma'ajiyar bayanan a sa masani ya share ta gaba ɗaya, ko a fasa ta. Ragowar ƙarfen da batir a kai wa masu sarrafa su, kada a jefa a wuta ko a kwata, domin akwai dalma da sauran guba a ciki.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu abar dubawa ce. Za su ce, "Yanzu da ake cikin rigimar ɓangaranci za ka ce a yayyaga takardu? Ai sai waɗancan su ce muna ɓoye shaida." Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce mutum ɗaya ya shiga sito da dare ba. A yi shi da rana tsaka, da sakatare, da mai ba da shawara kan shari'a, da shugabar mata, da dattijo guda da kowa ya yarda da shi. A buɗe littafi a rubuta: ranar kaza, an lalata fom na shekarar kaza, buhu kaza, ga waɗanda suka shaida, kowa ya sa hannu. Ni a ra'ayina har 'yan uwanmu na ɗaya ɓangaren a gayyato su turo wakili. Na san wannan ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Amma Inna da ta ba ni lambarta ba ɓangare ta ba, jam'iyya ta ba. Buhunan da ke hannunsu akwai sunayen iyayenmu a ciki, waɗanda ke hannunmu akwai na iyayensu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma wutar da ake bankawa a bayan katanga ba shaida ba lissafi, ai ita ce ta fi kama da ɓoye gaskiya.

Wasu kuma za su ce suna ƙonawa ne don girmamawa, saboda yawancin wasiƙunmu da bisimilla ake buɗe su, wasu har da aya. Niyya ce mai kyau, kuma ita ma hujja ce a kan kada a bar takardunmu su koma naɗin ƙosai ko su faɗa kwata. A ware irin waɗannan daban, ba su da yawa, a tambayi malamai yadda ya dace a yi da su. Amma kada a fake da wasiƙa goma a ƙona buhu goma har da roba.

Akwai kuma gyaran da ya fi duk waɗannan sauƙi: mu rage karɓar abin da ba mu buƙata. Me ya kawo lambar NIN a takardar halartar taron mazaɓa? Me ya sa duk rabon atamfa sai an ce a kawo kwafin katin zaɓe? Abin da ba ka karɓa ba, ba za ka sha wahalar tsare shi ba, ba za ka sha wahalar lalata shi ba. Rigakafi ya fi magani.

Jiya da yamma na je gidan Inna da fom ɗin a aljihuna. Na gaishe ta, na nuna mata, na ba ta haƙuri, na ce duk wanda ya kira ta ya nemi ta karanto wata lamba, ta kashe wayar ta aiko a kira ni. Ta daɗe tana kallon hotonta da mai ya ɓata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ba komai ɗan nan, Allah ya kiyaye gaba. Amma ka ga shi ya sa na tambaye ka." Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Don haka ni na fara da kaina. Na goge duk hotunan katin mutane da ke wayata. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, da ƙarfe goma na safe, matasan mazaɓarmu za mu haɗu a ofis da duro biyu da almakashi da littafi, mu ware abin da ya rage. Ina kira ga shugabannin matasa na sauran mazaɓu, kowa ya je ya buɗe sitonsa a makon nan ya ga abin da ke ciki, ya kuma tambayi mai gadi inda na bara suka tafi. Ina roƙon iyayenmu shugabanni su sa wannan a ajandar zama na gaba, a fitar da ƙa'ida a rubuce: wace takarda ake ajiyewa, shekara nawa, wa ke riƙe da mukulli, wa ke sa hannu kafin a lalata.

Muna yawo muna ce wa jama'a su ba mu amanar baitulmali da makarantu da asibitoci. Wanda ya ba mu takarda shafi ɗaya ya tsince ta a hannun mai ƙosai, yana da haƙƙin ya yi shakka. Mu gyara wannan tun kafin mu koma ƙofar gidansu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu dace.